Yadda Ake Ba Taya Iska da Ƙaramin Kwamfireso na Tafi-da-gidanka

Ƙaramin kwamfireso na ba taya iska, irin wanda ake ajiyewa a but ɗin mota sai ranar da taya ta sace a tuna da shi, ba shi da wuyar sarrafawa. Maɓalli ɗaya ne, tiyo ɗaya, waya ɗaya. Amma na ga mutane da dama sun ƙona nasu tun a amfani na biyu ko na uku, na kuma ga waɗanda suka yi ta ɗura iska har taya ta yi tauri kamar dutse, suna ganin sun kyauta mata. Injin bai san irin motarka ba, bai san nauyin da ta ɗauko ba, bai san ko tayar da zafi take ko ta huce ba. Kai ne za ka san adadin iskar da ake buƙata, kai ne kuma za ka tsayar da shi a daidai wurin.

Sanin abin da ke cikinsa zai fahimtar da kai halinsa. Wani ɗan injin lantarki ne yake juya ƙaramin fistin a cikin silinda, fistin ɗin yana zuƙo iska daga waje yana danna ta cikin tiyo kaɗan-kaɗan, sau dubbai a minti. Ba shi da tankin tara iska irin na babban injin mai faci, wanda ke sakin iska da yawa a lokaci guda. Shi ya sa yake da jinkiri, shi ya sa yake ɗaukar zafi da sauri, shi ya sa kuma akwai aikin da ba zai iya ba ko ka bar shi yana ƙugi har gari ya waye.

Nemo lambar tayarka tukuna

Kafin ka taɓa injin, buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufewa a kai. Akwai takarda manne a wurin wadda kamfanin motar ya rubuta girman taya da yawan iskar da ta dace, ta gaba daban, ta baya daban. Wasu motocin a bayan murfin tankin mai suke manna ta. Idan ta goge ko an yi fenti an shafe ta, littafin motar na ɗauke da bayanin. Yawancin ƙananan motoci tsakanin PSI 30 zuwa 35 suke, PSI kuwa ma'aunin ƙarfin iskar da ke cikin taya ne. Sau da yawa za ka ga layi biyu a takardar: ɗaya na mota mai mutum biyu ko uku, ɗaya na mota cike da mutane da kaya, inda tayoyin baya ke buƙatar ƙari. Ka bi wanda ya dace da tafiyar da za ka yi.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, don haka zan ɗan tsaya. A gefen kowace taya akwai wata lamba da aka rubuta, misali PSI 44 ko 51. Wannan ita ce iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka, ba abin da motarka ke buƙata ba. Kamfanin taya bai san wace mota za a sa wa tayarsa ba, sai ya faɗi iyakarta kawai. Kamfanin mota shi ne ya auna nauyin motarsa da birkinta da yadda take shan kwana, ya fitar da lambar da ke jikin ƙofa. Wanda ya cika taya zuwa lambar gefenta zai ji motar tana dukan rami da ƙarfi, tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa ƙasa sosai, nan ne kuma zai fara cinyewa, riƙon titi ya ragu, musamman idan an yi ruwa. Wanda kuma ya bar ta da ƙarancin iska, gefunan biyu ne za su cinye, motar ta ƙara shan mai, sitiyari ya yi nauyi. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, domin taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa tana miƙewa a duk juyi, wannan lanƙwasar tana haifar da zafi a cikin roba da wayoyin da ke ciki, zafin nan ne ke fasa taya a tsakiyar gudu.

Sai maganar ma'auni. Geji, wato abin da ke nuna yawan iskar taya, da yawansu suna da layi biyu ko uku: PSI, bar, da kPa. Bar 1 ya yi kusan PSI 14.5, kuma daidai yake da kPa 100. Wato PSI 32 shi ne kusan bar 2.2, ko kPa 220. Idan takardar motarka da bar aka rubuta ta, injinka kuma yana nuna PSI, ka canza shi in mai allon lambobi ne, in mai allura ne ka tabbatar layin da kake karantawa. Wanda ya ga 2.2 ya je yana neman 22 a layin PSI zai hau titi da taya mai laushi.

A auna da sanyi

Lambar da ke jikin ƙofa ta taya mai sanyi ce, wato motar da ta yi aƙalla awa 3 a tsaye, ko wadda ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba. Iska tana buɗewa idan ta ji zafi, don haka tayar da ta sha tafiya za ta nuna PSI 3 ko 4 sama da gaskiyarta, wani lokaci fiye. Safiya kafin ka fita ita ce lokaci mafi kyau, kafin rana ta bugi ɓangare ɗaya na motar.

Idan ka auna a tsakiyar tafiya ka ga geji ya haura, kada ka rage. Wannan ƙarin na zafi ne, da tayar ta huce zai sauka da kansa. In ka rage, gobe da safe za ka tarar da ita ƙasa da inda ya kamata. Idan kuwa dole ta sa ka ƙara wa taya mai zafi iska, ka ɗora kamar PSI 4 a kan lambar ƙofa, sannan ka sake aunawa bayan ta kwana.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan tayar zamani dai ido bai san komai ba. Tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta tana tsaye ƙyam kamar lafiyarta ƙalau, shurin ƙafa ma ba zai gaya maka ba. Ko fitilar gargaɗin iska da ke dashbod ɗin sababbin motoci, wadda doka ta wajabta a Amurka tun 2007, a Tarayyar Turai kuma tun 2014, ba ta kunnuwa sai iskar ta yi ƙasa sosai. A dokar Amurka sai ta ragu da kashi 25 cikin 100. Taya mai lafiya kuma tana rasa kusan PSI 1 duk wata ta jikin robar kanta, sanyin gari ma yana rage kusan PSI 1 a duk saukar digiri 5 ko 6 na ma'aunin Selshiyos. Shi ya sa nake aunawa sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya.

Tsayar da mota, duba taya

Ka tsaya a wuri mai shimfiɗa, nesa da gefen da motoci ke wucewa, ka ja hambirki. In a bakin titi ne ka kunna fitilun gargaɗi, ka ajiye alamar kusurwa uku a baya da nisa.

Yanzu tsuguna ka kalli tayar da kyau, ka shafa gefenta da hannu. Idan ka ga ƙulu ya kumburo a gefe, ko yanka mai zurfi, ko wayoyi sun leƙo, ko robar ta tsattsage kamar busasshiyar ƙasa, kada ka ba ta iska. Ƙulun nan alama ce zaren da ke riƙe da tayar ya tsinke a ciki, roba ce kawai ta rage, iska kuma can za ta taru. Sai dai ka sa safaya. Haka tayar da aka yi tafiya mai nisa a kanta tana kwance: ko ba ka ga komai daga waje ba, rim ya riga ya niƙe ta daga ciki. Idan kuwa ƙusa ka gani a tafin tayar, bar ta a wurin. Ita ce ta toshe ramin da ta huda, in ka zare ta iskar da za ta kai ka wurin mai faci za ta fice cikin minti kaɗan.

Ba shi wuta

Injinan nan kala uku ne. Akwai mai filogi da ake sokawa a soket ɗin laita mai bolt 12, akwai mai ƙugiyoyi biyu da ake maƙalawa kai tsaye a kan batir, akwai kuma mai batirin caji a jikinsa.

In mai filogi ne, ka tabbatar maɓallinsa a kashe yake, ka tayar da motar, sannan ka soka filogin har ya zauna daram. Dalilin tayar da mota biyu ne. Na farko, injin yana jan wuta da yawa, zai iya raunana batir har motar ta ƙi tashi bayan ka gama. Na biyu, mota a kunne tana ba da kusan bolt 14 maimakon 12, sai injin ya yi aiki da ƙarfinsa, ya gama da wuri. Amma kada ka taɓa barin mota a kunne a cikin gareji rufaffe. Hayaƙin salansa na ɗauke da gubar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum kafin ya ankara. Fito da motar fili.

Soket ɗin laita yana da fis, galibi mai amfiya 10 ko 15. Ka duba jikin injinka ka ga nawa yake ja. Idan yana jan amfiya 15, fis ɗin soket kuma na 10 ne, zai ƙone. In ka kunna injin ya yi shiru, ka fara duba fis ɗin da ke cikin kan filogin, ana kwance bakinsa a gan shi, sannan na akwatin fis na motar. Ka musanya da mai lamba iri ɗaya. Sa wanda ya fi ƙarfi, ko naɗa waya a madadinsa, yana nufin zafin da fis zai tare zai koma kan wayoyin motar, daga nan gobara ke tashi.

Mai ƙugiyoyi ya fi ƙarfi, shi ya fi dacewa da manyan tayoyi. Ja a kan alamar + da farko, sannan baƙa a kan alamar −. Wurin cirewa baƙar ce farko. Ka kula kada wayar ta kusanci fanka ko bel ɗin injin mota. Mai caji kuwa matsalarsa ɗaya ce, ka ɗauko shi ranar buƙata ka tarar babu wuta. Ka riƙa cika shi duk wata biyu ko uku ko ba ka yi amfani da shi ba.

Haɗa tiyo da bawul

Kwance murfin bawul ka sa a aljihu, don in ka ajiye a ƙasa da wuya ka sake ganinsa, musamman da dare. Bawul ɗin mota, wanda ake kira Schrader da sunan mai kamfanin da ya yi masa rajista a Amurka a 1893, ɗan tsinke ne a tsakiya mai sifirin, in an danna shi ya buɗe, in an sake shi ya rufe. Idan bakinsa da laka ko yashi, goge shi, ka ɗan danna tsinken iska ta feso ta kore datti.

Bakin tiyo iri biyu ne. Mai murɗawa, ka ɗora shi a miƙe ka juya har ƙarar fitar iska ta tsaya. Da hannu kawai, ba a matse shi da ƙarfi. Mai ɗan hannu da ake kwantarwa, ka tura shi can ciki sannan ka kwantar da hannun ya kulle. In har kana jin "tsss" bai zauna ba, cire ka sake. Kada ka lanƙwasa bawul ɗin gefe, musamman in ya tsufa, gindinsa na roba ne yana iya tsagewa.

Da ka haɗa, geji zai nuna iskar da ke cikin tayar tun kafin ka kunna. Karanta wannan lambar ka riƙe ta. In injinka mai allon lambobi ne, saita adadin da kake so da maɓallan ƙari da ragi, zai tsaya da kansa in ya kai. Ajiye shi a ƙasa mai tauri, ba cikin yashi ko ciyawa ba, don ta ƙananan ramukan jikinsa yake shaƙar iska, abin da ya shaƙa kuma cikin silinda zai shiga. Warware tiyon kada ya naɗe. Sai ka kunna.

Zai yi ƙara, zai yi rawa a ƙasa, duk halinsa ne. Ka tsaya ta gefen gaba ko bayan tayar, kada ka sa fuskarka saitin gefenta, yara kuma su matsa.

Ga abin da masu geji mai allura ba su cika sani ba. Yayin da injin ke aiki, allurar tana karkarwa kuma tana nuna sama da gaskiya, sau da yawa da PSI 2 ko 3, saboda iskar da ta cunkushe a tiyo tana jiran shiga ta ƙaramin bakin bawul. Don haka in ka ga ta kai 32 ka kashe, za ka ga ta faɗo 29 ko 30. Lambar da ta tsaya a kai bayan ka kashe ita ce ta gaskiya. Ka kunna, ka kashe, ka karanta, ka sake, har ka kai. Ni dai ina ba da shawarar ka mallaki ɗan geji na hannu daban, ka riƙa gwada su da juna, domin gejin da ke jikin ƙananan injinan nan ba duka ne ke faɗin daidai ba. In ka gane naka yana ƙara 2 ko yana rage 2 kullum, shi ke nan, ka san yadda za ka yi lissafi da shi.

Idan ka zarce, ba matsala. Wasu injinan suna da maɓallin rage iska. In babu, cire tiyon ka danna tsinken bawul da kan makulli na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka sake aunawa.

Wurin cirewa ka yi sauri. Ƙarar da za ka ji yawancinta iskar cikin tiyo ce, amma mai murɗawa yana ɗan satar ta taya in ka yi jinkiri, shi ya sa wasu ke ɗora PSI 1 a sama. Kama ta wurin roba, don ƙarfen bakin tiyo da wurin da ya haɗu da injin suna zafin da zai ƙona yatsa. Sannan ka ɗiga ruwan sabulu ko ɗan yawu a bakin bawul. In ya yi kumfa, tsinken na yoyo, a matse shi ko a canza shi, ƙaramin aiki ne. Mayar da murfin. Shi ke hana ƙura shiga ta hana tsinken rufewa. Ka zagaya sauran ukun, ko da ɗaya ce ta dame ka.

Bar shi ya huta

Ƙara PSI 3 ko 4 aikin minti ɗaya ne ko biyu. Tayar da ta kwanta gaba ɗaya kan ɗauki minti 5 zuwa 10, gwargwadon girmanta da ƙarfin injin. Yawancin ƙananan nan an rubuta a jikinsu ko a takardarsu kada su wuce kamar minti 10 suna aiki a jere, sannan su huta kwatankwacin haka. Ka duba naka ka bi. Danna iska yana haifar da zafi, a ciki kuma akwai zoben fistin da haƙoran giya waɗanda a injina masu araha na roba ne. Da sun yi laushi, injin zai ci gaba da ƙara amma allura ba za ta motsa ba, ya mutu ke nan. In ka ji sautinsa ya canza, ko warin roba ya taso, ko jikinsa ya fi ƙarfin taɓawa, kashe shi nan take. Mai tayoyi huɗu da duk suka yi ƙasa, ya yi biyu, ya dakata, ya ƙarasa.

Idan iska ta ƙi zama

Ka yi minti 3 ko 4 allura ba ta tashi daga sifili ba? Kashe, kada ka wahalar da injin. Ko dai ramin ya fi ƙarfin abin da yake turawa, ko kuma leɓen tayar ya rabu da rim. Taya marar tub leɓenta ne ke manne da rim ya riƙe iska, in nauyin mota ya danne ta tana kwance sai leɓen ya buɗe. Wani lokaci ɗaga motar da jak yana sa tayar ta koma siffarta, leɓen ya taɓa rim, iska ta fara kamawa. Gwada wannan. In bai yi ba, aikin babban inji mai tanki ne. Dabarar nan ta fesa fetur ko gas cikin taya a ƙyasta wuta don leɓen ya koma, ka nisance ta. Tana fasa taya, tana ƙona fuska da hannu.

Idan iska ta shiga amma kana zargin yoyo, shafa ruwan sabulu a tafin tayar, da zagayen rim, da gindin bawul, ka nemi inda kumfa ke tasowa. Ka auna, ka jira minti 5, ka sake aunawa. Wadda ta rasa PSI 1 ko 2 za ta kai ka wurin gyara in ka tafi a hankali kana tsayawa kana ƙarawa. Wadda ta rasa 10 ba ta hawa titi. Huda a tafin taya da ba ta wuce faɗin milimita 6 ba tana facuwa. Ta gefe ba ta facuwa, ko wa ya ce maka zai iya.

Safaya, babur da keke

Safaya ita ce tayar da aka fi mantawa da ita, sai ranar da aka ciro ta a same ta a kwance. In irin siririyar nan ce ta wucin gadi, yawancinsu PSI 60 suke buƙata, kusan ninkin na sauran, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da su. An rubuta duka biyun a jikinta. Kai ta 60 zai ɗauki injin lokaci, don yana ƙara jin nauyi yayin da iskar ke hawa, sai ka ba shi hutu a tsakani. Idan murfin bawul ɗinka kore ne, alamar an cika tayar da naitirojin, kana iya ƙara mata iskar injinka ba fargaba, iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce.

Tayar babur da ta keke cikinsu kaɗan ne, daƙiƙa kaɗan ke cika su, don haka yatsanka ya zauna a kan maɓalli. Lambar babur tana kan takarda a jikin ƙarfen da ke riƙe da tayar baya ko kusa da murfin sarƙa, ko a littafinsa. Ta keke kuwa a gefen tayar take, mafi ƙanƙanta da mafi yawa, ka zauna tsakaninsu. Kekunan tsere suna da siririn bawul mai suna Presta, wanda sai ka kwance ɗan notin da ke kansa, ka ɗaura ƙaramin mahaɗin tagulla da kan zo cikin jakar wasu injinan, sannan tiyo ya kama.

Da ka gama, kashe maɓalli, zare filogi, ka bar injin a fili ya huce kafin ka naɗe shi. Naɗa tiyon da sassauci, don inda aka karya shi nan yake fara tsagewa. Ka haɗa shi a jaka ɗaya da gejin hannu, fis biyu na ajiya, murafan bawul da ƙaramar tocila. Mai batirin caji kada ya yini a motar da aka rufe cikin rana, zafi yana kashe batirin litiyom yana kuma kumbura shi. Shiga da shi ɗaki, ka ɗauko shi ranar tafiya.